Muhawara: daga ina ake fara tsara manhajar da ɗan kasuwa zai iya aiki da ita?

Abdulmalik: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon manyanmu na wannan zaure su warware mana wata magana. Kullum ana cewa UX, amma yawancin matasan da ke koyon haɗa manhaja a nan Katsina sun ɗauka zaɓen launi ne da jera maɓallai a Figma, manhajar da ake zana fuskar manhajoji da ita. Mu ɗauki misali guda mu yi aiki a kansa: manhajar rubuta bashi ga mai shago a babbar kasuwar Katsina, wanda yanzu littafi da biro yake riƙe da su. Daga ina ake farawa, mi ake bi, kuma a ina aikin ya fi lalacewa?

Injiniya Bishir: Wa alaikumus salam. Abdulmalik, launi da maɓalli su ne UI, wato fuskar da ido ke gani. UX kuwa ya haɗa duk abin da mutum zai ci karo da shi: saukar da manhajar da datarsa, rajista, ranar da sabis ya ɗauke yana tsakiyar aiki, har ranar da wayarsa ta faɗi ya sayi wata yana neman bayanansa. Wani masani mai suna Don Norman ne ya yaɗa kalmar a farkon shekarun 1990 lokacin yana aiki a Apple, kuma abin da yake nufi ke nan, gaba ɗayan mu'amalar mutum da kayan.

A misalinka, kada ka buɗe kwamfuta a makon farko. Ka nemi izinin masu shago biyar ko shida, ka zauna gefe lokacin da ciniki ya ɗan lafa, ka kalli littafin bashin nan da idonka. Za ka ga ba a rubuta cikakken suna. Abin da ke ciki shi ne "Maman Abba", "mai shayi na bakin tasha", "Alhaji na gidan kwana". Za ka ga wani ya biya rabi an soke tsohon adadi an rubuta sabo a gefensa. Wani shafin na gida guda ne, mutum uku ke karɓar kaya da sunan maigida. Sannan ka duba agogo: daga ɗaukar biro zuwa ajiye shi, daƙiƙa nawa ne? Wannan adadin shi ne ma'auninka. Abokin takararka biro ne, ba wata manhaja ba. Idan rubuta bashi guda a wayar ya fi na biro jinkiri, mai shago zai yaba maka, ya sauke manhajar don ya faranta maka rai, gobe ya koma littafinsa.

Malama Hadiza: Injiniya ya taɓo abin da ya fi ruɗar masu bincike a wajenmu, wato kara. Bahaushe ba zai dubi idonka ya ce abin da ka kawo bai yi ba. Saboda haka akwai tambayoyin da ba a yi: "Ya ka ga manhajar?", "Za ka yi amfani da ita?", "Za ka iya biyan kaza a wata?" Amsarsu duka "sosai ma, Allah ya sa albarka". Ba ka ƙaru da komai ba.

Ka tambayi abin da ya riga ya faru. "Yaushe rabon da ku yi gardama da wani a kan adadin bashi? Ya aka ƙare?" "Nuna mani bashin da ya fi daɗewa a littafin nan." "Idan ka tafi masallaci yaron shago ya ba da bashi, ya kake sani?" Tambaya ta ƙarshen nan kaɗai tana iya sauya tsarin manhajar, domin za ta nuna maka cewa mutum biyu ne ke rubutu a littafi guda, kuma ɗaya yana son ya duba aikin ɗayan. Ka rubuta kalmomin da suka fito daga bakinsu yadda suke. Idan suna cewa "ya rage", "ya cika", "saura kaza", to waɗannan ne za su hau maɓallanka.

Idan kuma kana son manhajar ta kai ga mata masu sana'a a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da kayan ɗinki, mace za ka tura ta yi hirar, bayan an nemi izinin gidan. Bayanin da namiji ya karɓo daga zaure bai kai rabin wanda mace za ta samo a tsakar gida ba.

Nura: Malama, duk na yarda, amma mu faɗi gaskiya. Mai ba da aiki zai ce yana son manhaja cikin sati uku, kuma ba zai biya kuɗin zaman kasuwa ba. Ya ake yi?

Malama Hadiza: Nura, kwana biyu sun isa a yi abin da na lissafa, kuma kuɗin Napep ne kawai da na ruwan sanyi. Ka kwatanta da sake rubuta ma'ajiyar bayanai bayan ka gano cewa ka gina ta a kan mutum ɗaya, bashi ɗaya, biya ɗaya, alhali a kasuwa biyan gutsi-gutsi ake yi. Wannan gyaran shi ke cin sati. Kada ka sa wa mai aiki sunan bincike a takardar farashi idan hakan zai tsorata shi, ka haɗa shi cikin kwanakin tsarawa, amma ka yi shi.

Injiniya Bishir: Bayan kasuwa, mataki na biyu takarda ce. Ka rubuta ayyukan da mai shago zai yi, ka jera su bisa yawan maimaituwa. Rubuta sabon bashi da karɓar biya, sau da yawa a yini. Duba jimlar abin da ake bin mutum, duk sanda ya zo. Jimlar bashin shago gaba ɗaya, wataƙila sau ɗaya a mako. Canza lambar sirri, sau ɗaya a shekara. Abin da ake yi kullum shi ke hawa shafin farko da babban maɓalli, sauran su koma ciki. Kamar tsarin kasuwa ne: 'yan hatsi layinsu daban, 'yan atamfa nasu daban, baƙo ma yana shiga ya san inda zai nufa. Kuskuren da aka fi yi shi ne shafin farko mai akwatuna goma sha biyu masu girma ɗaya, ko kuma zanen lissafi mai hawa da sauka wanda maginin ya so don ya yi kyau a hoton talla.

Daga nan ka zana hanyar kowane aiki, shafi bayan shafi, da fensir. Ka ƙirga taɓawa. Rubuta bashi ga wanda sunansa ke ciki bai kamata ya wuce haka ba: taɓa sunan, buga adadi, taɓa "Ajiye". Kwanan wata waya ta san shi, kada ka tambaya. Bayanin kayan da aka karɓa ka bar shi ga wanda ya ga dama.

Zainab: Bari in shigo a kan fom ɗin rajista, domin a nan ne mutane suka fi zubewa. Duk akwatin da ka ƙara, ka rage masu kaiwa ƙarshe. Mai shago na buƙatar lambar waya da sunan shago kawai don ya fara. Imel ba dole ba ne, da yawa an buɗe masu shi ne a shagon sayar da waya kuma ba su san kalmar sirrinsa ba. Mafi kyau ma, ka bar shi ya rubuta bashinsa na farko kafin ka nemi komai, sai ka ce ya sa lambar waya don kada bayanan su ɓace idan wayar ta lalace. A lokacin ya ga amfanin abin, ya san dalilin tambayar.

Sai ƙananan abubuwan da ke karya fom a wajenmu. Lambar waya ta Najeriya 11 ce idan ta fara da sifili, 10 ce bayan +234. Mutum zai rubuta ta da sifili, ko da 234, ko da tazara a tsakani, ko ya kwafo ta daga WhatsApp. Karɓi duka, ka gyara a bayan fage. Kada ka sa +234 a gaba sannan ka yi masa jan rubutu don ya fara da sifili, cire sifilin aikin manhaja ne. Akwatin lamba ya buɗe kibod na lambobi, ba na haruffa ba. Akwatin suna ya karɓi alamar da ke cikin Mu'azu, Sa'adatu, Isma'il da A'isha. Fom da yawa na ƙin ta saboda an kwafo ƙa'idar tantancewa daga wani wuri ba a duba ba. Kada ka raba suna gida biyu ka tilasta cike duka, akwati ɗaya ya isa. Idan adireshi kake so, ka bar fili mutum ya rubuta kwatance, "Ƙofar Marusa, bayan masallacin Juma'a", domin lambar gida ba kowa ke da ita ba. In kuma dole sai an zaɓi ƙaramar hukuma, Katsina na da 34, to a sa wurin nema da haruffan farko, kada a bar mutum yana jan jeri da yatsa.

Sunan akwati ya zauna a samansa kullum. Rubutun nan mai dishi-dishi da ake sawa a cikin akwati yana ɓacewa da zarar an fara bugawa, in aka katse mutum da ciniki ya dawo bai san mi ake tambaya ba.

Malam Sabi'u: Malama Zainab, in ƙara maki ɗaya daga ɓangarenmu na Daura. Duk manhajar kasuwanci da za ta yi aiki a Mai'aduwa ko Kongolam ko Jibiya, sai ta karɓi lambar Nijar. Tasu +227 ce kuma lamba 8 ce. Mai shago na da abokan ciniki daga Damagaram da Maraɗi, idan akwatin ya kafe a kan 11 to ka rufe masa ƙofa a kan manyan masu karɓar kayansa. Wasu kuma da sefa ake lissafi da su, saboda haka ko dai a bar zaɓin kuɗi a kan kowane abokin ciniki, ko a faɗa tun farko cewa naira kaɗai manhajar ta sani.

Sai maganar haruffanmu masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Matsala uku suke kawowa. Ta farko, ba kowane salon rubutu ke ɗauke da su ba. Ka zaɓi salo mai kyau a Figma, a waya sai ka ga ɗan akwati a wurin harafin, ko harafin ya fito da wani salo daban a tsakiyar kalma. Noto Sans na da su duka. Kafin ka amince da kowane salo, buga "Ɗan ƙasa ya ɓoye" da manya da ƙanana, siriri da mai kauri, ka gani. Ta biyu, wurin nema. Mai shago ya ajiye suna "Ɗanladi", gobe yaronsa ya buga "Danladi" bai samu komai ba, sai ya buɗe sabon shafi, bashin mutum ɗaya ya rabu biyu. Dole nema ya ɗauki d da ɗ, k da ƙ, b da ɓ a matsayin abu guda. Ta uku, saƙon tes. Saƙo ɗaya na ɗaukar haruffa 160, amma da zarar harafi ɗaya mai ƙugiya ya shiga, tsarin ya sauya, iyakar ta koma 70. Alamar ₦ ma haka take yi. Saƙon tunatarwa da ka lissafa a matsayin ɗaya sai ya zama uku, kuɗin turawa ya ninka. A cikin manhaja ka rubuta Hausa daidai da ƙa'ida, a saƙon tes ka auna ko kuɗin zai ɗauka.

Nura: Ni a ganina duk wannan wahalar rubutu za ta ragu idan aka koma alamomi. Da yawa daga cikin 'yan kasuwa karatun boko bai zauna masu ba. Hoto ya fi.

Zainab: Nura, alama ita kaɗai ba ta magana sai ga wanda ya riga ya san ta. Layuka uku da ke nufin jerin zaɓi, ko hoton tsohon faifan kwamfuta da ke nufin ajiyewa, wanda bai taɓa gani ba ba shi da hanyar ganewa. Alamomin da za ka iya dogara da su su ne waɗanda WhatsApp da Facebook suka riga suka koya wa mutane: makirfo, kyamara, madubin nema, kibiyar turawa, kwandon shara. Sauran duka a sa masu kalma a ƙasa. Alama da kalma tare, wanda ke karatu ya karanta, wanda ba ya yi ya riƙe siffar da wurin da take. Shi ya sa ba a yawan sauya wa maɓalli wuri a sabon fitarwa, akwai masu aiki da haddar wuri.

Nura: To murya fa? Kowa ya iya tura saƙon murya.

Injiniya Bishir: Murya na da wuri, amma ka bambanta biyu. Naɗar murya a maƙala ta a jikin bashi a matsayin bayani, wannan mai sauƙi ne kuma yana da amfani. Hoton abokin ciniki ko na ƙofar shagonsa a gefen suna ma yana taimaka wa wanda karatu ke yi wa nauyi, in mai hoton ya yarda. Amma manhaja ta saurari magana ta fitar da adadin kuɗi a cikin hayaniyar kasuwa da ƙarar janareta, nan kuskure ɗaya ya isa ya haɗa mutane faɗa. Lambobi kuwa kusan kowane ɗan kasuwa ya san su, ko da bai karanta jimla. Saboda haka adadi a buga shi da yatsa.

A kan adadin ma akwai tarko. Mutum na cewa "hamsin" yana nufin dubu hamsin, wani kuma sifili ɗaya zai ƙaru masa bai lura ba. A sa waƙafi yana shiga da kansa yayin bugawa, 50,000 ta bambanta da 500,000 a ido. A ƙarƙashin akwatin a rubuta adadin da kalmomi, "naira dubu hamsin". Kobo a cire shi gaba ɗaya, ba a lissafi da shi a shago, kuma sifili biyun nan na ƙarshe suna ruɗa ido.

Kabiru: Ni ɓangaren waya da sabis zan yi magana a kai, domin mai zane da bai san su ba zai zana abin da ba zai yi aiki ba. Wayoyin da ke hannun jama'a yawanci Tecno ne da itel da Infinix, da yawa masu ƙaramar ƙwaƙwalwa, ma'ajiyarsu cike da bidiyo. Ka yi zanenka a faɗin 360dp (dp ma'aunin girma ne a fuskar wayar Android), ka gwada a kan mafi arhar wayar da ka samu, ba a kan taka ba. Girman manhajar ma UX ne: idan sai mutum ya goge hotunan bikin ɗiyarsa kafin ta samu wuri, ita zai bari.

Akwai iyakoki uku na lokaci da Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya tattara tun 1993 kuma har yau da su ake aiki. Cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum na jin abin ya amsa nan take. Zuwa daƙiƙa 1, ya lura da jinkiri amma tunaninsa bai katse ba. Bayan daƙiƙa 10, hankalinsa ya tafi wani wuri. Da sabis irin na cikin rumfunan kwano, duk aikin da sai ya je saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai a intanet, ya dawo zai iya haura ta ukun. Mafita ita ce a fara ajiye bashin a cikin wayar nan take, a nuna an ajiye, sannan a tura saba duk sanda sabis ya dawo. A sa 'yar alama a gefen kowane layi, irin agogo da alamar ✓ na WhatsApp da kowa ya sani, don mai shago ya san wanne ya tafi wanne ke jira.

Abin da ya fi haɗari shi ne taɓawa sau biyu. Mutum ya taɓa "Ajiye", bai ga komai ya motsa ba, ya sake taɓawa, bashi ya shiga sau biyu. Gyaran kashi biyu ne: maɓallin ya sauya kama ya kulle da taɓawar farko, kuma kowane aiki ya tafi da lambar shaida tasa ta daban, ta yadda ko saƙon ya isa saba sau uku, sau ɗaya za a rubuta. Na farkon aikin mai zane ne, na biyun na mai rubuta manhaja, kuma ɗaya bai wadatar ba sai da ɗayan.

Zainab: Yaya Kabiru, ka tuna mani da lambar tabbatarwa. Sau da yawa layin da aka yi rajista da shi yana cikin ƙaramar waya mai tocila, manhajar kuma tana babbar waya. Mutum sai ya ciro waccan, ya buɗe saƙo, ya dawo. Idan wa'adin lambar daƙiƙa 60 ne kuma saƙon ya makara a hanya, ya faɗi kafin ya fara. A ba shi minti biyar, a nuna lambar da aka tura wa saƙon da wurin gyara ta, kuma idan ya fita daga manhajar ya dawo ya tarar da shafin yadda ya bar shi.

Saƙon kuskure kuma ya faɗi abu uku: mi ya faru, bayanansa na nan ko sun ɓace, mi zai yi yanzu. "Babu sabis. An ajiye bashin a wayarka, zai tafi da kansa idan sabis ya dawo." Wannan ya kwantar da hankali. Lambar kuskure da jan akwati ba su gaya masa komai ba sai tsoro.

Abdulmalik: Allah ya ƙara basira. Malama Hadiza, ya ake gwaji kafin a rubuta manhajar? Kuma mutum nawa ake nema?

Malama Hadiza: Gani ya kori ji, ƙanena. Zana kowane shafi a takarda mai girman waya, ko ka haɗa samfuri mai taɓuwa a Figma ka buɗe shi a wayar gwaji. Ku je ku biyu, ɗaya na magana ɗaya na rubutu. Ka fara da gaya wa mai shago cewa abin ake gwadawa ba shi ba, duk inda ya tsaya laifin zanen ne. Sannan ka ba shi aiki da irin maganarsa: "Maman Abba ta karɓi taliya da mai na dubu huɗu da ɗari biyar, rubuta." "Ta kawo dubu biyu, rage mata." "Nawa ya saura?" Kada ka ambaci sunan maɓalli a cikin umarnin, in ka yi ka ba da amsa. Daga nan ka yi shiru. Wannan shi ne mafi wuya, domin hannunka zai yi ta ƙaiƙayin nuna masa. In ya tambaye ka "nan zan taɓa?", ka ce "ina kake ganin ya dace?" Mai rubutu ya riƙe abu huɗu: ya gama ko bai gama ba, daƙiƙa nawa, ina ya tsaya, mi ya faɗa a wurin.

Adadi kuwa, biyar a kowane zagaye. Lissafin daga aikin Nielsen da Thomas Landauer na 1993 ya fito: a matsakaici mutum ɗaya na bankaɗo kusan kashi 31 cikin ɗari na matsalolin, biyar kuma su kai wajen kashi 85. Daga nan sai maimaici ya yi yawa. Zagaye uku na mutum biyar-biyar, ana gyara tsakaninsu, ya fi zama ɗaya da mutum 15.

Nura: Malama, biyar ɗin nan ina da ja a kai. Mai shagon waya ɗan shekara ashirin da biyar da dattijo mai sayar da hatsi ba abu ɗaya za su gani ba.

Malama Hadiza: Jan naka na kan hanya. Ƙa'idar na aiki ne idan mutanen iri ɗaya ne. Inda rukuni ya bambanta, sai a ɗauki uku ko huɗu daga kowanne: masu shago, yaran shago, mata masu sana'ar gida. Kuma biyar don gano matsala ne, ba don fitar da kaso ba. Ba za ka ce kashi 80 na 'yan kasuwa sun iya ba don huɗu cikin biyar sun gama. Abin da ba a yarda da shi ba ko kaɗan shi ne gwaji a kan abokan karatu a jami'ar Umaru Musa ko a Poli, su sun san yaren manhajoji, duk abin da ka ba su za su wuce.

Kabiru: A yi gwajin a waje kuma, da rana. Hasken Katsina na watan Afrilu na cinye duk rubutu mai ruwan toka. Ƙa'idar WCAG, wato ƙa'idar duniya ta sauƙaƙa amfani da shafukan intanet ga kowa, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manya. A kan fari, launi mai lamba #767676 shi ne kusan iyakar tokar da ta tsallake. #999999 da masu zane ke so ta faɗi. Ga adadin kuɗi ni baƙi sosai nake ba da shawara. Rubutun jiki kada ya gaza 16sp (sp ma'aunin girman rubutu ne a Android), kuma a gwada shi bayan an ƙara girman rubutu a saitin waya, domin dattawa da yawa haka wayarsu take, sai ka ga kalma ta fice daga maɓalli. Jimlar Hausa ma ta kan fi ta Turanci tsawo, a bar mata fili. Wurin taɓawa 48dp kowane gefe a ƙa'idar Google, wajen milimita 9, Apple kuma 44pt suka ce da nasu ma'aunin. Kada a bar launi kaɗai ya bambanta bashi da biya, akwai masu wahalar raba ja da kore. A haɗa da kalma.

Malam Sabi'u: Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma a wajena ya fi duka nauyi: mutunci. Bashi sirri ne. Idan manhajar na tura wa wanda ake bi saƙo da kanta, wayar na iya kasancewa a hannun ɗansa ko matarsa. Kada saƙo ya fita sai mai shago ya gani ya amince, kuma a bar shi ya gyara lafazin, domin yadda zai tuna wa sa'ansa daban da yadda zai tuna wa surukinsa. Lafazin asali ya fara da sallama, ya faɗi adadi, ya tsaya, babu barazana. Shafin farko ma kada ya baje sunayen mutane da abin da ake bin su, tunda wayar na kan kantar shago kowa na leƙawa. Dokar kare bayanai ta ƙasa ta 2023 ta shafi wannan, sunaye da lambobin mutane kake ajiyewa, sai ka faɗi abin da kake yi da su kuma kada ka karɓi fiye da buƙata. Manhajar da ke neman izinin shiga duk lambobin waya tun buɗewar farko, ba tare da bayani ba, ta riga ta zubar da yarda.

Injiniya Bishir: Haka ne Malam. Wannan ya haɗu da maganar gogewa. A littafi ba a goge bashi, soke shi ake yi, tsohon rubutun na nan a ƙasa don ranar gardama. Manhaja ta yi koyi da haka: gyara ya bar tarihi, wa ya yi, yaushe, daga nawa zuwa nawa. Yaron shago ya samu lambar sirrinsa daban, ya iya rubutawa amma ba ya iya sokewa. Tambayar "Ka tabbata?" a kan kowane motsi ba ta kare komai, bayan kwana biyu yatsa na wuce ta ba tare da ido ya karanta ba. A ajiye ta ga abin da ba ya dawowa, kamar rufe asusu, sauran a ba da maɓallin "Mayar" na 'yan daƙiƙu bayan aikin.

Abdulmalik: Saura ɗaya, Injiniya. Bayan an saki manhajar, mi ake dubawa?

Injiniya Bishir: Yawan masu saukewa ba ya nuna komai, talla ke kawo shi. Ka sa ma'auni a kan matakai: nawa suka buɗe, nawa suka rubuta bashin farko, nawa suka sa lambar waya, nawa suka karɓi biya a ciki, nawa ke rubutu har bayan kwana 7 da kwana 30. Matakin da adadi ya fi faɗuwa a kansa, nan za ka mayar da gwajin mutum biyar, domin lissafi na nuna inda ake zubewa amma ba ya faɗin dalili. Ka riƙa gyara abu ɗaya a kowane fitarwa don ka san wanne ya yi tasiri. Bayan wata guda kuma ka koma shagunan farko ka nemi ganin littafin. Idan kwanan watan rubutun ƙarshe a cikinsa na jiya ne, ka tambayi wane irin bashi ne har yanzu ke shiga takarda, ka rubuta amsar, daga ita za a fara zagaye na gaba.